Furfura ta yi yawa, hannayen aiki sun ragu: wa zai ɗauki nauyin?

A cikin manyan abubuwan da ke girgiza ƙasashe, babu wanda ake hangowa daga nesa kamar tsufar al'umma. Yaƙi da annoba da karyewar kasuwa ba sa yin sallama kafin su shigo, amma mutumin da zai cika shekara 65 a 2050 an riga an haife shi tun 1985, an san yawan tsaransa, kuma an san yawan yaran da ke biye da su. Gwamnatin da ta ce tsufar jama'arta ta zo mata ba zato, ko shugaban kamfanin da ya ce bai san rabin ƙwararrun ma'aikatansa za su yi ritaya cikin shekara goma ba, gaskiyar magana ita ce sun gani, sun kau da kai. Wannan ne ya sa nake ganin batun tsufa, duk da cewa da alƙaluma ake bayyana shi kuma da na'urori ake alkawarin magance shi, a ƙarshe batu ne na shugabanci, wato na wanda zai yarda ya yanke shawara mai ɗaci a yau alhali amfaninta sai bayan ya sauka daga kujera.

Abubuwa biyu ne suka haifar da lamarin, kuma dukkansu asalinsu nasara ce. Mutane sun daina mutuwa da wuri, domin matsakaicin tsawon rai a duniya ya tashi daga kimanin shekara 46 a 1950 zuwa kimanin 73 a 'yan shekarun nan. Haihuwa kuma ta ragu, daga kusan 'ya'ya biyar ga kowace mace zuwa kimanin 2.3, alhali ana buƙatar 2.1 kafin al'umma ta maye gurbin kanta. A 2018, a karon farko a tarihi, waɗanda suka kai shekara 65 sun fi yara 'yan ƙasa da shekara biyar yawa a duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa masu shekara 60 zuwa sama za su tashi daga biliyan 1 a 2020 zuwa biliyan 2.1 a 2050.

Abin da ya fi yawan ɗaukar hankali shi ne saurin da lamarin ke yi yanzu. Faransa ta kwashe kimanin shekara 115 kafin kason tsofaffinta ya tashi daga kashi 7 zuwa kashi 14 cikin 100, don haka ta samu sararin gina fansho da asibitoci a hankali. Japan ta yi wannan tafiyar cikin shekara 24, daga 1970 zuwa 1994. Koriya ta Kudu ta yi ta a ƙasa da shekara 20, kuma a Disamban 2024 kason masu shekara 65 zuwa sama a can ya kai kashi 20, bayan haihuwa ta faɗi zuwa 0.72 a 2023. China, wadda ta shafe shekaru fiye da talatin tana tilasta haihuwar ɗa ɗaya, ta ga yawan jama'arta ya ragu a 2022, karon farko tun 1961.

Yawanci idan aka zo wannan gaɓa sai a koma maganar kuɗin fansho, kuma maganar tana da tushe. Lokacin da shugaban gwamnati Bismarck ya kafa fanshon tsufa a Jamus a 1889, sai mutum ya kai shekara 70 yake fara karɓa, kuma ma'aikatan da ke kaiwa wannan shekarun ba su da yawa. A yau Bajamushen da ya cika 65 yana iya sa ran ƙarin shekaru kusan 20. Mafi yawan tsare-tsaren fansho na gwamnati ba ajiya ba ne da mutum ke tarawa da sunansa, abin da aka cire daga albashin masu aiki a wannan watan shi ake biyan masu ritaya da shi a wannan watan. A Japan ta 1950 akwai masu shekarun aiki kusan 12 ga kowane tsoho ɗaya, yanzu sun koma kusan biyu. Ko wanda bai yi nisa a lissafi ba zai ga inda gizo ke saƙar.

Sai dai akwai ƙarancin da ya fi na kuɗi wuyar magani, shi ne ƙarancin hannu. Gwamnati tana iya cin bashi ko ƙara haraji ta samu kuɗi cikin wata guda, amma ba ta iya samar da ma'aikaciyar jinya 'yar shekara 30 idan ba a haife ta shekara 30 da suka wuce ba. A Japan, inda masu shekara 65 zuwa sama suka kai kusan kashi 29 cikin 100, wannan ƙarancin ya fito fili a abubuwan yau da kullum. Da aka taƙaita aikin ƙarin lokaci na direbobin manyan motoci zuwa awa 960 a shekara daga Afrilun 2024, hankalin 'yan kasuwa ya tashi, domin direbobin sun manyanta kuma matasa ba sa shiga sana'ar. Ƙididdigar 2023 ta nuna gidaje kusan miliyan 9 babu kowa a ciki. Kasuwa ma ta juya ta bi masu saye, har kamfanin Oji ya sanar a 2024 cewa zai daina yin ƙunzugun jarirai don kasuwar Japan ya mayar da hankali kan na manya. Da Firaminista Fumio Kishida ya faɗa wa majalisa a Janairun 2023 cewa ƙasar tana gab da kasa gudanar da al'amuranta a matsayin al'umma, abin da mutanen ƙauyukan da aka rufe makarantunsu suka daɗe da sani ne ya faɗa.

A nan ne fasaha ke shigowa, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Masana tattalin arziki Daron Acemoglu da Pascual Restrepo sun nuna cewa ƙasashen da ma'aikatansu ke saurin tsufa su ne suka fi rungumar mutum-mutumin masana'antu. Koriya ta Kudu tana da fiye da mutum-mutumi 1,000 ga kowane ma'aikatan masana'anta 10,000, mafi yawa a duniya, Jamus da Japan suna sahun gaba, China kuwa ita kaɗai take girka fiye da rabin sababbin da ake girkawa a duniya kowace shekara. Tsoron da aka saba ji, cewa na'ura za ta ƙwace aikin mutane, a waɗannan ƙasashen ya juye, domin na'urar tana cike gurbin ma'aikacin da ba a haifa ba ne. Walda, fenti, ɗaga kaya, tantance kaya a sito, duk aikin da ake maimaitawa iri ɗaya a wuri ɗaya, na'ura ta iya shi kuma ba ta gajiya.

Matsalar ita ce aikin da tsufa ke ƙara yawansa ba irin wannan ba ne. Yi wa dattijuwa mai ciwon mantuwa wanka, ko lallashin dattijon da ya ƙi cin abinci, ko juya marar lafiya a gado don kada bayansa ya yi gyambo, aiki ne da ke canzawa daga mutum zuwa mutum, kai har daga safiya zuwa yamma. Gwamnatin Japan ta zuba kuɗi mai yawa wajen ƙera mutum-mutumin jinya. Cibiyar bincike ta Riken ta nuna wa duniya Robear a 2015, na'ura mai siffar dabba da aka ƙera don ɗaga marar lafiya daga gado, amma ba ta taɓa zama kayan aikin yau da kullum a gidajen kula da tsofaffi ba. Pepper, wani mutum-mutumi mai hira da mutane wanda aka yi ta yayatawa, an dakatar da ƙera shi a 2020. Abubuwan da suka yi amfani na gaske ba su da wani ban sha'awa: na'urar da ake sawa ƙarƙashin katifa ta sanar da ma'aikaciyar dare cewa wani ya tashi yana neman sauka, manhajar da ke rage rubuce-rubucen rahoto, ƙugiyar ɗaga mutum da ke hana bayan ma'aikaci lalacewa. Waɗannan suna sa mutum ɗaya ya kula da mutane da yawa ba tare da ya karye ba, amma ba sa cire mutumin daga ɗakin. Ƙirƙirarriyar basira ma, gwargwadon abin da aka gani zuwa yanzu, ta fi ƙarfi a aikin takarda da karanta hoton asibiti da tsara jadawali fiye da aikin da ke buƙatar taɓa jikin ɗan'adam.

Akwai wani gefen fasahar da ya fi damuna, domin ana yawan lissafa shi a matsayin ci gaba. Idan banki ya rufe reshe ya ce a koma manhaja, ko ofishin gwamnati ya ce ba ya karɓar takarda sai ta intanet, aikin bai ɓace ba, an dai ɗauke shi daga kan ma'aikaci an ɗora wa mai hulɗa. Ga matashi wannan sauƙi ne. Ga wanda idonsa ya yi rauni, hannunsa ke rawa, kuma yake tsoron 'yan damfara da dalili, wulaƙanci ne da ake maimaita masa kowane wata. A Sifaniya, wani likita mai ritaya daga Valencia, Carlos San Juan, yana da shekara 78 ya fara neman sa hannun jama'a da taken cewa shi tsoho ne, ba wawa ba, bayan bankuna sun yi ta rufe rassa suna tura mutane ga na'urar cirar kuɗi. Ya tara sa hannu fiye da 600,000 a farkon 2022, kuma bankunan suka amince su tsawaita lokacin hulɗa da mutane fuska da fuska, su kuma ba tsofaffi fifiko. Abin lura shi ne bankunan suna da dukkan bayanan shekarun abokan hulɗarsu tun kafin su rufe reshe ko ɗaya. Denmark ta tilasta karɓar wasiƙun gwamnati ta intanet tun 2014, amma ta bar ƙofa a buɗe ga wanda ba zai iya ba ya nemi a ɗauke masa. Fasahar iri ɗaya ce a wuraren biyu, bambancin yana ga wanda ya zauna ya tambayi kansa ko wa za a bari a baya.

Misalin da na fi so a ɓangaren kamfanoni ya fito ne daga masana'antar BMW da ke Dingolfing a Jamus. A 2007 shugabannin wurin suka lissafa cewa nan da shekara goma matsakaicin shekarun ma'aikatansu zai kai 47, sai suka haɗa layin aiki guda da ma'aikata masu wannan matsakaicin shekarun, suka tambaye su abin da ke wahalar da su. Aka yi ƙananan gyare-gyare kimanin 70. Aka shimfiɗa daɓen katako don sauƙaƙa wa gwiwa, aka kawo takalma masu laushi da kujerun da mutum zai ɗan jingina yana aiki, aka sa gilashin ƙara girman abu a inda ake haɗa ƙananan sassa, aka kuma riƙa juya ma'aikata tsakanin ayyuka don kada gaɓa ɗaya ta sha wahala yini guda. Kuɗin da aka kashe bai taka kara ya karya ba, amma cikin shekara guda yawan aikin layin ya ƙaru da kashi 7 cikin 100, ya kamo na layukan matasa. Babu wata sabuwar ƙirƙira a cikin wannan labarin. Shugabanni ne suka duba shekarun haihuwar ma'aikatansu shekara goma kafin matsalar ta iso, kuma suka ɗauka cewa wanda ke tsaye a bakin injin ya fi su sanin inda ke masa ciwo.

Da tsohuwar zuma ake magani, kuma kamfanoni da yawa sai bayan ta ƙare suke gane haka. Ilimin da ke kan ma'aikacin da ya shekara talatin a wuri ɗaya, mafi yawansa ba a rubuce yake ba. A Afrilun 2020, lokacin da masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa tsarin jihar New Jersey ta Amurka yawa, gwamnan jihar ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, harshen kwamfuta da aka ƙirƙira a 1959, wanda har yanzu bankuna da ofisoshin gwamnati da yawa ke tafiya a kansa alhali masanansa suna ta yin ritaya. Japan, duk da sunan da ta yi a ƙere-ƙere, sai a 2021 ta kafa hukumar kula da harkokin dijital, kuma sai a 2024 ministanta Taro Kono ya sanar da soke dokoki fiye da 1,000 da ke wajabta miƙa bayanai ga gwamnati a kan tsohon faifan fulofi. Na'ura tana samuwa a kasuwa, amma sauya yadda ma'aikata ta saba aiki sai an samu mai iko da ya ɗauki abin da muhimmanci.

Shugabannin su kansu suna tsufa, kuma wannan ya fi tsanani a ƙananan kamfanoni. Ma'aikatar tattalin arzikin Japan ta yi ƙiyasin cewa zuwa 2025 masu ƙanana da matsakaitan kamfanoni kimanin miliyan 1.27 za su haura shekara 70 ba tare da magaji ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan kamfanoni suna cin riba, amma suna rufewa saboda 'ya'yan mai shi sun koma birni ko kuma ba shi da 'ya'yan, kuma ranar da aka rufe, ƙwarewa da abokan ciniki da ayyukan yi duk suna tafiya tare. Gwamnati ta buɗe cibiyoyi a faɗin ƙasar don haɗa masu kamfanoni da waɗanda za su saya ko su gada. Ba na cikin masu cewa shekaru kaɗai suna hana mutum iya jagoranci, domin Osamu Suzuki ya jagoranci kamfanin Suzuki fiye da shekara 40 har ya sauka yana da 91 a 2021, kuma a zamaninsa ne kamfanin ya mamaye kasuwar motoci ta Indiya. Shi kansa kuwa suruki ne da iyalin suka ɗauka ya karɓi sunansu, wato an nemo magaji daga waje da gangan. Haɗarin yana ga shugaban da ya manyanta bai shirya kowa ba, kuma yake guje wa zuba jari a sabuwar na'urar da ba zai daɗe ya ga ribarta ba.

A siyasa lissafin ya fi haka tsauri, saboda tsofaffi suna fita zaɓe fiye da matasa. A zaɓen majalisar wakilan Japan na 2021, sama da kashi 70 na masu shekara sittin da wani abu sun kaɗa ƙuri'a, alhali 'yan shekara ashirin da wani abu ba su kai kashi 40 ba. Ɗan siyasar da ya taɓa fansho ya san abin da zai biyo baya. Faransa ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023 ta hanyar amfani da sashe na 49.3 na tsarin mulki, ba tare da ƙuri'ar ƙarshe a majalisar wakilai ba, bayan watanni ana zanga-zanga da yajin aiki, kuma rikicin bai kwanta da sa hannu a dokar ba. Sweden ta bi wata hanyar tun 1994, inda jam'iyyu biyar na gwamnati da na adawa suka amince da tsari guda, daga baya suka saka masa birki mai aiki da kansa wanda ke rage ƙaruwar fansho idan kuɗin shiga ya gaza, kuma birkin ya yi aiki a 2010 ba tare da ƙasar ta kama da wuta ba. Denmark ta ɗaure shekarun ritaya da tsawon rai tun 2006, kuma a 2025 majalisarta ta amince da shekara 70 daga 2040, wato an ba mutane sanarwar shekara 15. China ma ta fara ɗaga nata daga Janairun 2025, na maza daga 60 zuwa 63, a hankali cikin shekara 15.

Duk da haka ba zan ce ɗaga shekarun ritaya adalci ne kai tsaye ba, kuma masu zanga-zangar Faransa suna da hujjar da bai kamata a raina ba. Ƙarin tsawon rai ba a raba shi daidai ba. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2016 ya gano cewa maza da ke cikin kashi 1 mafi arziki sun fi na kashi 1 mafi talauci tsawon rai da kusan shekara 15. Lauya ko malamin jami'a yana iya aiki har 70 cikin jin daɗi, amma birkila da ya fara ɗaukar bulo yana ɗan 17 jikinsa ya gama ba da abin da zai bayar tun kafin 60. Dokar da ta yi musu kuɗin goro tana karɓa daga wanda zai ci fansho na 'yan shekaru ta ba wanda zai ci na shekara 25. Gyaran da zai daɗe sai ya yi la'akari da yawan shekarun da mutum ya yi yana aiki da kuma irin aikin.

Saura hanyar da kowa ke amfani da ita amma 'yan siyasa ba sa son ambata, wato shigo da ma'aikata daga waje. Iyalai da yawa a Italiya sun dogara ne da mata daga Romaniya da Yukren wajen kula da iyayensu a gida. Japan ta fara karɓar ma'aikatan jinya daga Indonesiya a 2008, daga Filifins a 2009, daga Vietnam a 2014, sannan ta buɗe sabuwar bizar ƙwararrun ma'aikata a 2019. Wannan yana rage raɗaɗi, amma matar da ta tafi kula da mahaifiyar wani ta bar tata mahaifiyar a gida, kuma ƙasashen da ke turo ma'aikatan, irin su Vietnam, su ma sun kama hanyar tsufa.

Wannan ya kawo mu ga ƙasashen da ke ganin batun bai shafe su ba saboda jama'arsu matasa ne. Zuwa 2050, kusan kashi 80 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama za su kasance ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma a Afirka kudu da Sahara ana sa ran yawansu zai ninka fiye da sau uku tsakanin 2015 da 2050. Mafi yawan ma'aikatan waɗannan ƙasashe suna aiki ne a wajen tsarin albashi, ba a cire musu komai don fansho, dogaronsu ga 'ya'ya ne, alhali 'ya'yan suna raguwa kuma suna watsuwa birane. Koriya ta Kudu ta nuna abin da jinkiri ke jawowa ko da arziki ya zo daga baya. Sai a 1988 ta kafa fanshon ƙasa, lokacin da waɗanda suka gina masana'antunta suka riga suka yi nisa a aiki, kuma a yau kusan kashi 40 na tsofaffinta suna cikin talauci, mafi muni a tsakanin ƙasashen OECD, ƙungiyar da mafi yawan mambobinta ƙasashe ne masu arziki. A ɗaya gefen, Botswana ta fara biyan kowane tsoho ɗan fansho daga baitulmali a 1996, Lesotho ta bi sahu a 2004 ga masu shekara 70 zuwa sama duk da ƙarancin arzikinta. Kuɗin da ake biya kaɗan ne, amma rajista da hanyar biya sun kafu tun tsofaffin ba su da yawa, kuma yanzu da ake iya tura kuɗi ta wayar hannu, shigar da manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu cikin tsarin ajiyar tsufa ya fi kowane lokaci a baya sauƙi da arha.